Kurakuran da ake ta maimaitawa a gidajen kula da yara, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan kula da yara, wato irin gidajen nan da ake ajiye yaran da ba za su iya zama da iyayensu ba, ko don maraici ko don gidan nasu ya zame musu haɗari, ya san cewa inda ake sa ido daban, inda ɓarna ke fitowa daban. Za ka ga an ja katanga an sa maigadi an kafa kyamara a get, kowa hankalinsa na kan baƙon da zai shigo daga waje, alhali yawancin manyan abubuwan kunyar da aka tono a irin waɗannan gidaje daga ciki suka fito, daga hannun wanda ke riƙe da makulli wanda kowa ke cewa ai wane mutumin kirki ne.

To kuskure na farko kenan, yarda da fuska. A Ingila akwai wani Frank Beck da ya shugabanci gidajen yara a yankin Leicestershire daga 1973 zuwa 1986, ana ta yabonsa wai ya iya da yara masu taurin kai, waɗanda kowa ya gaza da su shi ake turawa. Yara sun yi ƙorafi, wasu ma'aikata ma sun yi, ba a ɗauka da muhimmanci ba, sai a 1991 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai har sau biyar saboda lalata da cin zarafin yaran da aka ba shi amana. Mai irin wannan hali ba ya zuwa da mugun kama, da fara'a yake zuwa da son taimako, shi ne zai ce ku je ku huta ni zan kwana da su, shi ne mai yi wa yaro ɗaya kyauta a ɓoye. Gyaran shi ne kada a ɗauki kowa aiki don wani ya ce na san shi. A duba tarihinsa wajen 'yan sanda in ƙasar tana da wannan tsarin, a kira wurin da ya bari a waya a yi magana baki da baki da wanda ya shugabance shi, a tambaye shi kai tsaye, in ya dawo za ku sake ɗaukarsa ya yi aiki da yara? In akwai shekara biyu a takardunsa da bai faɗi inda yake ba a tambaya. Kuma wannan ya haɗa da direba da mai girki da mai gadi da ɗan sa kai, ba masu reno kaɗai ba. Amma fa takardar 'yan sanda tana nuna wanda aka taɓa kamawa ne kawai, wanda ba a taɓa kama shi ba tas za ta fito, don haka ko bayan an ɗauke shi tsarin gidan ne zai hana shi samun kafa: ba a rufe ƙofa da yaro ɗaya, ba a fita da yaro a mota ba tare da an rubuta ina za a je da yaushe za a dawo ba, ba a barin mutum ɗaya tilo a aikin dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ga inda na fi son in daɗe, domin nan ne mutanen kirki da kansu suke ɓata lamari da kyakkyawar niyya. Yaro ya zo ya ce miki anti zan faɗa miki wata magana amma ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba. Zuciya takan ce ki rantse kawai don ya samu ya buɗe baki. Kar ki yi. In kin yi alkawari kuma dole ki karya shi, kin koya masa ke nan cewa ke ma ba abar yarda ba ce, kuma yaron nan dama manya sun sha yaudararsa. Abin da za ki ce shi ne ina jin ka, kuma in abin da za ka faɗa ya shafi lafiyarka ko ta wani yaro dole in faɗa wa wanda aikinsa ne ya kare ka, amma ba zan yaɗa ba, kuma zan gaya maka wanda zan faɗa wa. Wani yaron zai yi shiru ya tafi, ba komai, ki rubuta cewa ya zo, sau da yawa yana dawowa, gwada ki yake yi.

In ya fara magana kuma sai kuskure na gaba ya biyo, wato mu mai da kanmu 'yan sanda masu tuhuma. Wane ne, malam wane ne ko, ya taɓa ka a nan ko, me ya sa ba ka yi ihu ba, me ya sa sai yanzu kake faɗa. Tambayar da ta sa wa yaro amsa a baki tana iya rusa shari'a gaba ɗaya, lauyan wanda ake zargi zai ce ku kuka shirya masa maganar, ita kuma "me ya sa" a kunnen yaro zargi ce, ji zai yi kamar laifinsa ne. Ku bar shi ya faɗa da bakinsa, in za ku ce wani abu ku ce sai me ya faru, ko ci gaba ina ji. Kar ku zaro ido kar ku fashe da kuka a gabansa kar ku fara zagin mutumin, don wani lokacin yaron yana son mutumin nan duk da abin da ya yi masa, in ya ga kun harzuƙa sai ya janye maganar. Ku ce masa ya yi daidai da ya faɗa kuma ba laifinsa ba ne. Da an gama, kafin ku sha ruwa ma, ku zauna ku rubuta da kalmominsa yadda ya faɗe su, ko da kalmar batsa ce ko ta yarinta kar ku gyara ta, ku sa rana da lokaci da wanda ke wurin, ku sa hannu, ku miƙa wa jami'in kare yara na gidan a ranar. A ranar fa, ba sai manaja ya dawo daga tafiya ba.

Kuma don Allah kada a kira wanda ake zargi a haɗa shi da yaron wai a ji ta bakin kowa. Na taɓa ganin an yi haka a wani gida, aka tsayar da yarinya gaban mutumin aka ce maimaita abin da kika ce, ta sunkuyar da kai ta ce ƙarya take yi, shi ke nan aka rufe magana kowa ya koma aikinsa da murna. Wane yaro ne zai maimaita? Bincike aikin hukumar kula da walwalar yara ne da 'yan sanda, aikin gida shi ne ya raba mutumin da yara nan take har a gama, kuma wannan ba yanke masa hukunci ba ne, shi kansa kariya ce gare shi in ba shi da laifi.

Sai batun rubutu. Mutane sun tsani rubutu na sani, bayan awa goma sha biyu a tsaye wa ke son cika fom. Amma cin zarafi ba kasafai yake bayyana a dunƙule ba, gutsi-gutsi yake zuwa. Mai aikin safe ta ga yaro ya daina cin abinci, mai aikin dare ya ga ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, direba ya lura ba ya son zama kusa da wani, kowa ya riƙe nasa a ciki yana ganin bai kai a faɗa ba. In da an rubuta su a fayil ɗaya wani ya karanta a jere, da hoton ya fito tun da wuri. Wajen rubutawa kuma a raba abin da aka gani da abin da ake zato. "Yana da tabo shuɗi a cikin cinyarsa ta hagu kamar faɗin yatsa biyu, ya ce faɗuwa ya yi" rubutu ne mai amfani, "yau ma ya tashi da iskancinsa" ba shi da amfanin komai, kuma ku tuna wata rana yaron zai girma ya iya neman fayil ɗinsa ya karanta abin da kuka rubuta a kansa.

Wannan ya kawo ni kan kalmar taurin kai. Ruwa ba ya tsami banza, yaron da ke fasa kaya ko yake yankar jikinsa ko yake gudu daga gida magana yake yi da abin da ya iya. Gudun nan musamman, an fi yin sakaci da shi, sai ka ji an ce ai halinta ne za ta dawo. A Rotherham ta Ingila rahoton Farfesa Alexis Jay na 2014 ya ƙiyasta cewa aƙalla yara 1,400 aka yi lalata da su tsakanin 1997 da 2013, cikinsu har da waɗanda ke hannun hukuma, manyan maza na zuwa da mota suna ɗaukarsu, su kuma manyan da ya kamata su kare su suna kallon abin a matsayin zaɓin yaran ne. Yarinya 'yar sha uku ba ta da saurayi ɗan shekara talatin, tana da mai cutar da ita. Duk yaron da ya ɓace a sanar da hukuma cikin lokacin da aka tsara, in ya dawo kar a tare shi da faɗa, a ba shi abinci ya yi wanka ya huta, sannan wani wanda ba ma'aikacin gidan ba ya zauna da shi ya ji ina ya je, wa ya gani, kuma me yake gudu, don wataƙila abin da yake gudu yana cikin gidan. Sabuwar waya ko kuɗi ko kayan da ba ku san inda ya samo ba, a tambaya. Ƙwace waya kawai ba ya magance komai, wata zai samo ya ɓoye, gara a zauna da shi a san da wa yake hira a intanet.

Horo ma wuri ne da ake zamewa a hankali ba a sani ba. A Staffordshire ta Ingila tsakanin 1983 da 1989 an yi wani tsari da suka kira Pindown, a tuɓe wa yaro kayansa a bar shi da na barci, a kulle shi a ɗaki shi kaɗai ba mai yi masa magana ba makaranta, aƙalla yara 132 aka yi wa haka, kuma abin mamaki ma'aikatan suna rubutawa a littafin aiki hankali kwance don a ganinsu gyaran hali suke yi. Hana abinci, hana yaro ganin danginsa, kulle shi, kunyata shi gaban sauran yara saboda fitsarin kwance, duka, babu wanda ya halatta a ciki. Riƙe yaro da ƙarfi sai in zai ji wa kansa ko wani rauni, wanda aka koya wa yadda ake yi ne zai yi, na ɗan lokaci kaɗan, ba a danne ƙirji ko wuya ko a kifa shi a danne, yara sun mutu ta haka. Bayan nan a rubuta a kuma ji ta bakin yaron.

Wani abu da ba a son faɗa, yaro ma yana cutar da yaro. A haɗa ɗan shekara bakwai da ɗan sha shida a ɗaki ɗaya a kashe fitila, ko a naɗa babban yaro shugaban ɗaki a ba shi ikon hukunta ƙanana don ma'aikata su huta, wannan neman fitina ne. In ya faru kar a ce wasan yara ne, kuma kar a mai da wanda ya yi dodo, shi ma yaro ne kuma akwai yiwuwar an taɓa yi masa, dukansu biyun suna buƙatar taimako amma a raba musu wurin kwana tukuna.

Baƙi da masu kawo tallafi, a taƙaice: su sa hannu a rajista, kar a bar su su kaɗai da yaro, kar su ɗauki hoton fuskar yara su watsa a Facebook da sunansu da labarinsu. Yaro ba kayan talla ba ne, kuma wani an ɓoye shi ne daga wanda ke nemansa.

Mafi muni a wurina shi ne rufa wa gida asiri. Kar masu ba da kuɗi su ji, kar sunanmu ya ɓaci, sai a ce wa wanda ake zargi ya ajiye aiki a hankali har a ba shi takardar yabo ya tafi wani gidan yara ya ci gaba. Binciken Ryan na Ayland a 2009 da na hukumar da Ostareliya ta kafa daga 2013 zuwa 2017, dukansu a kan cin zarafin yara a cibiyoyi, duk sun nuna haka, an fifita sunan cibiya a kan yaro, ana ɗauke mai laifi daga nan a kai shi can. Wanda ya yi magana kuma shi ke shan wuya. Alison Taylor da ke shugabantar wani gidan yara a arewacin Wales ta Birtaniya ta kai ƙorafin yara gaba, aka kore ta daga aiki, sai a 2000 rahoton Waterhouse, na binciken da gwamnati ta sa aka yi, ya tabbatar da gaskiyarta. Don haka kowane ma'aikaci ya san lambar da zai kira a wajen gidan in wanda ake zargi shi ne manaja ko mai gidan kansa, a manna ta a bango inda kowa zai gani.

Su ma yaran haka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 a sashe na 12 ta ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, sashe na 25 kuma ya ce duk yaron da aka ajiye a wani wuri don kulawa a riƙa duba halin da yake ciki lokaci-lokaci. Amma akwatin ƙorafin da aka kafa a ƙofar ofishin manaja, makullinsa kuma na aljihun manaja, wa zai saka takarda a ciki? A mayar da shi inda ba a ganin mai sakawa, wani daga waje ya riƙa buɗewa, a kuma tanadi hanya ga yaron da bai iya rubutu ba da kurma da mai naƙasar da ba ya iya bayani, don su aka fi cuta kuma su aka fi mantawa. In mai duba gida ya zo daga hukuma ya gana da yara su kaɗai ba ma'aikaci a tsaye a bakin ƙofa, kuma wani zuwan ya zo ba sanarwa, da dare ma in ya samu hali.