Yadda ake ɗaura kamshaf na ƙarin ƙarfi da kayan bawul a injin motar tsere

Kamshaf, wato sanda mai tozaye da ke juyawa cikin injin, shi ne ke yanke wa kowane bawul (ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi) lokacin buɗewa, zurfin buɗewar, da daɗewar da zai yi a buɗe. Kamfani yana yanka nasa ne don mota ta yi sulo lafiya, ta rage shan mai, ta kuma cika dokar hayaƙi. Wanda ake saye don ƙarfi yana ba injin damar shaƙar iska sosai idan juyi ya yi sama, amma yana matse tazarar da ke tsakanin ƙarafa masu gudu: bawul da fistan, zoben sifirin da na kusa da shi. Shi ya sa rabin wannan aiki awo ne. Za mu yi misali da injin LS na Chevrolet, mai silinda takwas da fushrod (sandunan da ke kai motsin kamshaf sama zuwa bawul), wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997 da sunan LS1, lita 5.7. Ƙa'idojin awon iri ɗaya ne a sauran injuna, amma ƙarfin ɗaurin noti kowane injin da nasa, sai a duba littafin gyaransa.

Karanta katin kamshaf kafin ka saya

Lambobi uku ne ke da magana. Na farko zurfin buɗewa: tsayin tozon kamshaf ne a ninka da rabon roka, wato ƙarfen da fushrod ke turawa shi kuma ya danna bawul. Rokar LS1 tana da rabon 1.7, don haka tozo mai inci 0.350 zai danna bawul inci 0.595, kimanin milimita 15. Na biyu daɗewa, ana ƙirga ta da digirin juyin karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) daga lokacin da lifta, wato ƙarfen da ke zaune a kan tozo yana tura fushrod, ta ɗaga inci 0.050. Wannan lambar ce za ka kwatanta tsakanin kamfanoni, domin babbar lambar da suke talla da ita kowa da inda yake fara awonta. Kamshaf ɗin LS1 na asali yana wajen digiri 200. Na titi mai ɗan zafi yakan kai 220 zuwa 230. Na uku kusurwar da ke tsakanin tsakiyar tozon shigar iska da na fitar hayaƙi. Idan ta matse zuwa 110 ko 112, lokacin da bawul biyun ke buɗe tare yana ƙaruwa, sulo ya riƙa tsalle, zuƙar iskar injin ta ragu. A 114 zuwa 116 injin ya fi natsuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen wanda ya yi wa mota girma saboda daɗin ƙara. Babban kamshaf yana kwashe ƙarfi daga ƙananan juyi ya kai shi sama, inda motar titi ba ta cika zuwa ba. Mota mai giyar otomatik takan buƙaci a sauya mata tok-kanbata (na'urar da ke haɗa injin da giyar), in ba haka ba za ta riƙa fizgar birki a tsaye, ta kuma yi nauyin tashi. Shi kansa birkin, idan bustansa (na'urar da ke ƙara wa takun birki ƙarfi) da zuƙar injin yake aiki, yana iya yin tauri. A duba dokar hayaƙin ƙasar da motar take kuma, domin wasu ƙasashen sun hana irin wannan sauyi ga motar da ke hawa titi.

A tabbatar kamshaf ɗin na zuriyar injin ne. A LS1 na'urar da ke karanta matsayinsa tana bayan injin, a LS2 da na bayansa tana jikin murfin gaba, tana karantawa daga giyar kamshaf. Wasu noti uku ke riƙe giyarsu, wasu ɗaya. Injin da ke da tsarin kashe rabin silinda ko mai sauya tayimin da kansa, sai an cire tsarin ko an sayi kamshaf da aka yi dominsa.

Kayan da za su zo tare: sifirin ɗin da mai kamshaf ya ambata, da hulunansu da kota (ƙananan ƙarafan da ke kulle hula a jikin bawul) da sil (robar da ke tare mai), sarƙar tayimin, gaskit na murfin gaba da na famfon ruwa, sil na karanshaf, sabon notin fuli, man ɗauri mai kauri, baƙin mai da filta. Fushrod kuwa kada a saya tukuna.

Kwancewa da zare tsohon

Cire batir, zubar da ruwan lagireto. Fitar da bututun iska, fanka, lagireto da famfon ruwa, ka gusar da kwandensar na'urar sanyaya ɗaki, domin kamshaf ya kusan kai tsawon injin kuma ta gaba zai fito. A Corvette sai an gusar da rak ɗin sitiyari kafin fulin karanshaf ya samu hanya. Fulin da ƙarfi aka danna shi, da abin zarewa mai ƙafa uku ake ciro shi, ba da guduma ba. Cire koyil, filogi da murfin bawul, sannan rokoki da fushrod, kana jera kowanne a matsayin da ya fito.

Buɗe murfin gaba, ka juya karanshaf har ɗigon giyar kamshaf ya dubi ƙasa, na giyar karanshaf ya dubi sama, suna fuskantar juna. A nan fistan na ɗaya yana ƙololuwa, wato iyakar hawansa sama. Cire giyar sama da sarƙa, kada karanshaf ya sake motsi.

Ga inda ake yin asara. Liftoci goma sha shida suna zaune ne a kan kamshaf. In ka zare shi ɗaya ta faɗa cikin injin, aikin ya koma na sauke tof silinda ko kaskon mai. Bayan cire farantin da ke tare kamshaf, ɗaura masa dogayen noti a gaba, ka juya shi da sauri sau da yawa. Tozaye za su tura liftocin sama, tiren robar da ke riƙe su ya cafke su. Tsohon tire ba abin yarda ba ne, don haka a zura sanduna biyu masu kaurin inci 5/16, wato kusan milimita 8, cikin ramukan mai biyu da ke gefen kamshaf, su tokare liftocin daga ƙasa. Sai a jawo shi a hankali ana juyawa, hannu ɗaya na tallafe, domin bakin tozo yana da kaifi kuma yana karce boris ɗin da ke cikin injin. Idan tozon tsohon ya nuna tabo ko zaizaya, liftarsa ma ta tafi, dole a sauke tof silinda a sauya su.

Wanke sabon da kyau, har sabo daga kwali yana ɗauke da man hana tsatsa da ƙurar ƙarfe. Shafe tozaye da wuraren zama da man ɗauri, ka zura shi yadda ka fito da tsohon. Notocin farantin Nm 25 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), na giya mai noti uku a LS1 Nm 35, da ɗigon man kulle zare. Idan za a sauya sarƙa da giyar ƙasa, famfon baƙin mai zai fita, kuma zoben robar da ke bakin bututun zuƙarsa shi ne abin lura: in ya tsinke ko ya zauna a karkace, famfo zai riƙa jan iska, matsin mai ya faɗi, liftoci su yi ta ƙara.

Tabbatar da digiri

Daidaita ɗigo biyu yana nuna ba ka tsallake haƙori ba, amma ba ya nuna kamshaf yana inda kati ya ce. Ɗaura faifan digiri a karanshaf da waya mai nuni. Sa matsayar fistan (ƙarfen da ke tare shi kafin ya kai sama) a ramin filogi na ɗaya, juya a hankali har fistan ya taɓa ta, rubuta lambar, juya ta baya har ya sake taɓawa, rubuta. Tsakiyar lambobin biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. Cire matsayar, ɗora agogon awo a kan fushrod na shigar iska, nemo inda ya fi ɗagawa ka mai da agogon sifili. Karanta faifan a inci 0.050 kafin tsinin tozo, da inci 0.050 bayansa, kana juyawa ta hanyar da injin ke tafiya don sarƙa ta kasance a miƙe. In ka samu 66 da 154, jimla 220, rabi 110: tsakiyar tozon ke nan. Kamshaf mai kusurwa 114 da aka yanka da gabacin digiri 4 haka ya kamata ya nuna. Bambancin digiri ɗaya ba komai. Fiye da biyu, a sake awon, in ya tabbata a gyara da giya mai daidaituwa. Gabatar da shi yana ƙara ƙarfi a ƙasa amma yana kusantar da bawul na shigar iska da fistan. Jinkirta shi kuma na hayaƙi yake kusantarwa.

Sifirin

Sifirin na kamfani ba zai iya da tozo mai tsini ba. A babban juyi sai ya kasa dawo da bawul kan lokaci, bawul ya yi ta shawagi, fistan ya same shi a hanya. Ana iya sauya shi ba tare da sauke tof silinda ba: a kai fistan ƙololuwa, a hura iska ta ramin filogi ta riƙe bawul. Iskar tana iya tura fistan ƙasa ta juya karanshaf ba zato, saboda haka kada a bar sifana a jikinsa. Toshe ramukan komawar mai da tsumma mai tsabta kafin ka taɓa kota; ƙanana ne, kuma ramin suke nema. Ɗan buga hular da gudumar roba don kota ta saki, danne sifirin, ɗauke kota da maganaɗisu, sauya sil.

Awo uku ba a tsallake su. Tsayin zaman sifirin, daga mazauninsa zuwa ƙasan hula, a yawancin LS inci 1.800 ne, ana daidaita shi da siraran wosha. Na biyu, idan bawul ya buɗe gaba ɗaya, dole a samu saura aƙalla milimita 1.5 kafin zobban sifirin su haɗe. Lissafin mai sauƙi ne: tsayin zama, a cire zurfin buɗewa, a cire tsayin sifirin idan ya matse ƙurmus. Misali 1.800, cire 0.595, cire 1.100, saura inci 0.105, ya wadatar. Sifirin da ya haɗe ya zama dunƙulen ƙarfe, sai fushrod ya lanƙwashe ko tozo ya cinye. Na uku, ƙasan hula kada ya kusanci sil fiye da milimita 1.5. Ƙarfin da ya wuce kima ma illa ne, yana durƙusar da lifta yana cin kayan aiki a banza.

Tazarar bawul da fistan

Wurin haɗari shi ne kusa da ƙololuwa a ƙarshen fitar hayaƙi, inda bawul biyun ke buɗe tare. Daɗewa da lokacin buɗewa ne ke jawo karon, ba zurfi ba, domin sa'ad da bawul ya kai iyakar zurfinsa fistan ya yi nisa ƙasa. Sa sifirin mai laushi na gwaji a silinda ɗaya, da lifta marar mai ko fushrod na awo da aka daidaita ba tare da danna liftar ba, domin lifta mai aiki da mai tana lotsawa ta ba ka lambar ƙarya. Daga digiri 20 kafin ƙololuwa zuwa 20 bayanta, tsaya kowane digiri biyar, danna bawul da yatsa har ya taɓa fistan, karanta agogo. Na hayaƙi ya fi matsewa wajen digiri 10 kafin ƙololuwa, na shigar iska wajen 10 bayanta. Mafi ƙaranci milimita 2 ga na shigar iska, 2.5 ga na hayaƙi saboda zafi yana miƙar da shi. In bai kai ba, ko a sassaƙe wa fistan gurbi, ko a sauya kamshaf.

Fushrod da roka

Don samun dogon tozo, galibi ana rage kaurin gindin kamshaf, sai lifta ta zauna ƙasa da da. Fushrod na asali mai inci 7.400 zai iya yin gajarta. Da lifta a kan gindin tozo, sa fushrod na awo, ɗaure roka, tsawaita fushrod ɗin har wasa ya ƙare ba tare da ya danna cikin liftar ba. Auna tsawonsa, ka ƙara dannin da kamfanin liftar ya ce, galibi milimita 1.3 zuwa 2 ga irin na kamfani. Auna a ɓangarori biyun injin, na iska da na hayaƙi. Gajere yana kawo ƙas-ƙas da asarar zurfi; dogo yana hana bawul rufewa sosai, matsi ya zube, bawul ya ƙone. Sayi mai kaurin bango, siriri yana lanƙwasa ƙarƙashin sifirin mai ƙarfi.

Rokar LS tana da ƙananan allurai a gindinta da kan zube cikin injin idan nauyi ya ƙaru, don haka sauya gindin da ingantacce kafin mayarwa ya cancanci wahalarsa. Ana ɗaure kowace a Nm 30 lokacin da liftarta ke kan gindin tozo: idan bawul na hayaƙi ya fara buɗewa, ɗaure rokar iska ta silindar, idan na iska ya kusa rufewa, ɗaure ta hayaƙi. Bayan nan juya injin da hannu zagaye biyu ba filogi. Duk inda ya cije, tsaya ka nemi dalili.

Rufewa da tayarwa

Ɗiga gam na gaskit a kusurwoyin da murfin gaba ya haɗu da kaskon mai, kuma kada a ƙarasa ɗaure murfin sai sil ya daidaita a kan fuli, in ba haka ba zai yi yoyo. Da kayan dannawa ake shigar da fulin. Jawo shi da noti daga farko yana cinye zaren karanshaf. Idan ya shige, a ɗaure tsohon notin zuwa Nm 330 don ya zauna, a cire, a sa sabo a Nm 50 sannan a ƙara digiri 140. Notin yana miƙewa ne, ba a maimaita shi.

Sabon baƙin mai da filta, a juya injin da kiki ba wuta ba fetur har matsin baƙin mai ya nuna. Kwamfutar motar tana bukatar sabon saiti na sulo, iska, fetur da wuta. Ba tare da shi ba za ta riƙa mutuwa a tsaye, kuma ba a taka ta da ƙarfi. Lifta mai taya, irin ta LS, ba ta bukatar dogon horo, sai dai a bar sabon sifirin ya yi zafi ya huce sarai kafin a kai shi babban juyi. Tsofaffin injuna masu lifta mai shafaffen gindi daban suke: sababbin liftoci dole, mai mai sinadarin zink, a cire sifirin na ciki idan biyu ne, kuma da tashi a riƙe injin tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti na tsawon minti 20 zuwa 30 ba sulo, domin fantsamar mai daga karanshaf ce ke jiƙa tozayen. Bayan zafin farko a sauya mai, a yanka filtar a duba cikin takardarta. Ɗan ƙyalli mai laushi ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin da maganaɗisu ke kamawa yana nufin a buɗe murfin bawul kafin a sake tayar da injin.