In za ka taimaki iyali a Haiti, ga hanyar da kuɗinka zai bi

Tambayar farko da nake yi wa duk ƙungiyar mishan mai neman gudummawa don Haiti ita ce: yaran nan na cikin hotunanku, ina iyayensu? Kai ma fara da ita. Ƙungiyar Lumos, mai aikin mayar da yara hannun iyalansu, ta ƙiyasta akwai yara wajen 30,000 a gidajen marayu na ƙasar, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna da uwa ko uba a raye. Ba maraici ya kai su can ba, babu ce. Uwa ta rasa kuɗin makaranta, ga gidan da ake ba da abinci da littattafai, sai ta miƙa ɗanta ba don ranta ya so ba. Makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu 2010, an kama Amurkawa 10 'yan wani coci za su tsallaka da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika, daga baya aka gano yawancin yaran na da iyaye.

Shi ya sa in aka ce mini sabon gidan marayu za a gina, sai in mayar da hannu aljihu. Nemi waɗanda ke biya wa yaro makaranta yana kwana a ɗakin uwarsa. Yawancin makarantun Haiti ba na gwamnati ba ne, da dama ma na coci ne, kuma kuɗinsu shi ke lashe ɗan abin da gida ya samu.

Sai kaya. Kada ka tara shinkafa da gwanjo ka ce a tura. A 1995 an zaftare harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100, ta Amurka mai araha ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite suka rasa mai sayen tasu. Bill Clinton, shugaban Amurka na lokacin, da kansa ya amsa a 2010 cewa kuskure ne. Duk buhun kyauta da ya sauka a tashar jirgi, cinikin wani manomi ne ya tafi. Ba da kuɗi, ka kuma tambaya a wace kasuwa ake sayen abincin da ake rabawa.

Inda na fi so kuɗi ya faɗa shi ne hannun mata. Su ne Madan Sara, masu ɗauko amfanin gona daga ƙauye zuwa kasuwannin birni, su ne kuma masu zubin adashen da suke kira sòl. Dubi tsarin Fonkoze, ƙungiyar ba talakawa ƙananan rance, wadda Fada Joseph Philippe ya kafa a 1994. Shirinta na Chemen Lavi Miyò yana ɗaukar matan da talauci ya fi yi wa katutu na tsawon wata 18. Ana ba mace jari, kamar awaki ko kayan ƙaramin ciniki, da ɗan kuɗin cefane a watannin farko don kada yunwa ta sa ta sayar da akuyar, sannan ma'aikaci yana leƙa ta kowane mako. Wannan leƙawar ita ce ƙashin bayan aikin, ita ce kuma masu bayarwa ba sa son biya, don ba ta fitowa a hoto. In ƙungiya ta ce tana raba awaki, tambaye ta wa ke komawa bayan wata shida.

Duba kuma su waye ke riƙe da aikin. Ƙungiyar kiwon lafiya ta Zanmi Lasante, da su likita Paul Farmer suka fara a ƙauyen Cange, ta buɗe asibitin koyarwa a Mirebalais a 2013, kuma 'yan Haiti ne akasarin ma'aikatanta. Ƙungiyar da kowane babban matsayi baƙo ne a kai, ranar da ya tattara ya tafi aikin ya bi shi. Ka tabbata kuma ba sai mutum ya shiga cocinsu ake ba shi taimako ba.

Tafiya da kanka kuwa, haƙura. A Oktoba 2021 'yan daban da ake kira 400 Mawozo sun sace mutum 17 na Christian Aid Ministries, har da yara, kuma tun daga lokacin 'yan daba sun mamaye galibin Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Kuɗin jirginka ya biya magina da kafintocin wurin, sun fi ka iya aikin. Kafin ka tura zubi na biyu, nemi rahoto a rubuce: gourde (kuɗin Haiti) nawa aka kashe, gida nawa ya kai, kuma gida nawa ya daina karɓa.