Ka taɓa zaman gidan yari kuma kana son inshora? Ga yadda za ka bi

Wani ƙanen matata ya yi wata tara a gidan gyaran hali saboda wani faɗa da suka yi a tasha har aka ji ma mutum ciwo, ya fito, 'yan uwa suka haɗa mai kuɗi ya sayi wata tsohuwar akori-kura yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Jega da Birnin Kebbi. Ranar da ya zo min da maganar takardun mota abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, ai ni ba za su ba ni inshora ba, an ce suna dubawa a kwamfuta." Na ce wa ya gaya maka? Ya ce 'yan tasha. To dama.

Zaman gidan yari ba ya hana mutum sayen inshora a ƙasar nan. Inshorar mota ta dole, wadda ake ce ma tad fati, wato mai biyan diyyar wanda ka yi ma ɓarna, abin da ake nema lambar mota ne da lambar inji da ta shasi da sunanka da lambar waya, shi ke nan. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar dukiyar da ka lalata kuma har miliyan 3. Keke napep 5,000, babur 3,000. Motar kaya kuɗinta daban ne kuma ya danganta da ko kayanka kake ɗauka ko na haya, don haka ka faɗi ainihin aikin motar, kar ka ce ta gida ce alhali albasa take ja.

Abin da ya fi tarihinka haɗari ma a nan takardar bogi ce. Yaran nan da ke tsayawa bakin ofishin lasin su ce kawo dubu uku yanzu a buga maka, wallahi takarda ce kawai mai kala, ranar hatsari ba wanda zai biya ko sisi, kuma kai da ka taɓa tsayawa gaban alƙali ba ka buƙatar a kama ka da jabun takarda a shingen 'yan sanda. Kana biya ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, ko ka duba shafin NIID, wato rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet. In sunan kamfani da ranar ƙarewa ba su fito ba, ka koma ka karɓi kuɗinka.

Inda maganar kotu ke tasowa shi ne manyan inshora: cikakkiyar inshorar mota wadda ke biyan taka motar ma, inshorar gobara da sata ta shago, ta kaya a kan hanya, ta rai. Nan za a miƙo maka fom, kuma wani fom ɗin yana tambaya ko kotu ta taɓa kama ka da laifi. Ka karanta tambayar sau biyu, in ba ka jin Turanci sosai ka sa wanda ka yarda da shi ya fassara maka kalma-kalma, saboda ba iri ɗaya ba ne. Wani laifin tuƙi kawai yake tambaya, wani na zamba da sata da cin amana, wani ya ce cikin shekara biyar da suka wuce, wani ya ce a duk rayuwarka. Abin da aka tambaya shi za ka amsa, ba ragi, ba kuma sai ka zauna kana ba da labarin abin da ba a tambaye ka ba. Dokar inshora ta 2003 ma ta rubuta shi ɓaro-ɓaro cewa abin da kamfani bai tambaya a fom ba ana ɗaukarsa ba shi da muhimmanci. A 2025 an sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta, in abu ya kai ga rigima ita lauya zai buɗe maka.

Sannan a bambanta kamu da hukunci. Mutane da yawa sun yi shekaru a tsare suna jiran shari'a daga baya aka sallame su, ai mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. Wanda kotu ba ta kama da laifi ba, in aka tambaye shi "an taɓa yanke maka hukunci?" amsarsa a'a ce kuma gaskiya ya faɗa. Amma in tambayar ta haɗa da tuhuma ko shari'ar da ke gudana, to sai ya faɗa.

Kar ka bar ejan, wato wakilin kamfanin inshora, ya cike maka fom shi kaɗai. Wanda muka fara samu, yana zuwa wurin tambayar sai ya ɗora biro kan "a'a" ko ɗago kai bai yi ba, na riƙe mai hannu na ce malam tsaya, ya ce "Alhaji bar shi haka, wa zai bincika?" Shi kamashonsa yake hange. Ranar karɓar kuɗi gaskiya ba mai bincike, sai ranar da mota ta kife a hanyar Koko da buhu sittin a kai, ranar ne za su turo mai bincike ya zauna a tasha ya sha shayi da mutane, kuma a garuruwanmu wa bai san wanda ya taɓa zuwa gidan yari ba? Suna gano ka ɓoye abin da suka tambaya suna iya soke inshorar su ƙi biya, sa hannunka ne a ƙasan fom ɗin ba na ejan ba.

Kafin ka je ka tanadi takardu. Je wurin rajistara na kotun da ta yi shari'ar ka karɓi kwafin hukunci mai hatimi, ka haɗa da takardar sallama daga gidan gyaran hali, in afuwar gwamna ka samu ita ma ka kawo takardarta. Wasiƙa daga shugaban ƙungiyarku ta direbobi ko ta 'yan kasuwa ko mai unguwa tana taimakawa. Ka rubuta bayani gajere, laifin kaza, shekara kaza, ga abin da nake yi tun da na fito. Su abin da suke aunawa ko laifin ya shafi abin da za su ɗauki nauyi. Faɗan tasha na shekarun baya bai cika damun mai inshorar gobara ba, amma wanda aka ɗaure kan zamba ko ƙona dukiya zai sha tambayoyi, ana iya ƙara mai kuɗi ko a ƙi shi gaba ɗaya, kuma kamfani na da wannan damar.

In ɗaya ya ƙi ka gwada wani, ko ka bi ta dillalin inshora mai rajista, shi ya san inda ake sassauci. Masu ƙyamar inshora saboda addini akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, sai dai su ma fom ne kuma su ma gaskiya suke so. Inshorar lafiya kuwa, ta hukumomin jiha irin su KECHEMA a Kebbi da ZAMCHEMA a Zamfara, rajista ce ta kai da iyalinka, can maganar asibiti ake yi.

Shi ƙanen namu ya rubuta "eh" da hannunsa, ya liƙa kwafin hukuncin, kamfani na biyu ya karɓe shi bayan an kira shugaban tasharsu a waya. Na sa ya ɗauki hoton kowane shafi na fom ɗin da rasit ya tura min ta WhatsApp, asalin kuma yana cikin leda a ƙasan akwatin yayarsa.