Yadda za ka bi tarihin Nintendo Direct daga Garwa

Nintendo Direct shirin bidiyo ne da kamfanin wasannin bidiyo na Nintendo yake sanar da sabbin wasanninsa a ciki. Ka shiga YouTube, ka rage ingancin hoton zuwa 360p, don data a Garwa ta ƙasar Kamaru ba ta da arha. Fara daga Oktoban 2011, lokacin da shugaban Nintendo, Satoru Iwata, ya gabatar da shirin farko yana magana da masu wasa kai tsaye. A shirye-shiryensa, ka lura da yadda yake miƙo hannayensa biyu gaban kamara. Wannan ya fi komai taɓa ni.

Daga nan ka nemi na 2013, shekarar da Nintendo ta bar babban taron 'yan jarida na E3, bikin baje kolin wasannin bidiyo, ta koma bidiyo. Iwata ya rasu a Yulin 2015, shirin ya dawo a Nuwamba. Na na'urar wasa ta Switch 2, ranar 2 ga Afrilun 2025, yana da tsawo, sai ka sauke shi da dare.