Yadda Ake Auna Tasirin Ƙarin Albashi a Kan Guraben Aiki

Duk lokacin da gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi, sai a ji masu kamfanoni na cewa za a sallami ma'aikata, ƙungiyoyin ƙwadago kuma na cewa babu abin da zai faru. Ana iya gwada wannan magana da alƙaluma, amma ba ta hanyar da aka saba ba, wato a ƙirga ma'aikata kafin doka, a sake ƙirgawa bayanta, a ɗora bambancin a kan dokar. A tsakanin ƙirge biyun farashin kaya ya motsa, ciniki ya hau ko ya sauka, damina ta zo ta wuce. Abin da ake buƙata shi ne wani wuri mai kama da wurin da aka yi dokar, wanda ita ba ta taɓa shi ba.

Fitaccen misali shi ne aikin masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger a Amurka. Ranar 1 ga Afrilun 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania kuma ta tsaya a kan 4.25. Sai suka bi gidajen abinci 410 irin su Burger King da KFC, 331 a New Jersey, 79 a gabashin Pennsylvania. Ga yadda za ka bi sawunsu.

Fara da zaɓen sana'ar da dokar za ta ciza da gaske. Gidajen abincin nan sun dace ne saboda yawancin ma'aikatansu suna karɓar albashi dab da mafi ƙaranci. Da bankuna aka zaɓa, da ba a ga komai ba, don albashinsu ya riga ya wuce nan.

Sannan ka tsayar da ma'auni guda, kada ka canja shi a hanya. Su Card sun ƙirga mai cikakken aiki da manaja a matsayin mutum ɗaya ɗaya, mai aikin rabin lokaci kuma rabin mutum. In ba ka yi haka ba, shagon da ya kori mutum biyu masu cikakken aiki ya ɗauki uku masu rabin lokaci zai bayyana kamar ya ƙara ma'aikata, alhali ya rage.

Tattara bayanai sau biyu daga shagunan farko, ba wasu sabbi ba. Zagayen farko an yi shi ne a Fabrairu da Maris 1992, na biyu a Nuwamba da Disamba. Shagon da ka tarar an rufe shi kwata-kwata, rubuta masa sifili, kada ka goge shi daga jerin. Goge shi yana nufin ka ɓoye ainihin ɓarnar da kake nema.

Lissafin kansa gajere ne, ko Excel ya ishe shi. A New Jersey matsakaicin ma'aikata a kowane shago ya tashi daga 20.44 zuwa 21.03, ƙarin 0.59 ke nan. A Pennsylvania ya sauka daga 23.33 zuwa 21.17, ragin 2.16. Ka cire canjin Pennsylvania daga na New Jersey, za ka samu kusan 2.75. Abin nufi shi ne, idan aka ɗauka cewa ba don dokar ba da New Jersey ta bi hanyar Pennsylvania, to ƙarin albashin bai rage aiki ba.

Wannan "idan" ɗin shi ne ƙashin bayan aikin baki ɗaya, kuma nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Lura da alƙaluman da kyau: kusan duk sakamakon ya fito ne daga faɗuwar Pennsylvania, ba daga hawan New Jersey ba. Idan wani abu ne na daban ya taɓa waɗancan shaguna 79 su kaɗai, amsar ta gurɓace. Maganinsa shi ne ka nemo bayanan lokuta da dama kafin dokar, ka zana layin wuraren biyu a takarda ɗaya. Ba dole su haɗu ba, amma dole su riƙa hawa da sauka tare. In sun riga sun fara rabuwa tun kafin doka, nemi wani wurin kwatanci. Ka kuma ƙara kwatanci na biyu daga cikin gida: su Card sun gwada shagunan New Jersey da ke biyan 4.25 da waɗanda tuni suke biyan dala 5 ko fiye, waɗanda dokar ba ta tilasta musu komai ba, kuma a nan ma ba su ga raguwa a shagunan da dokar ta shafa ba.

Akwai tarko biyu kuma. Na farko, masu shaguna kan san doka na tafe. Ta New Jersey an amince da ita tun 1990, don haka wani zai iya rage ɗaukar ma'aikata kafin zagayenka na farko. Na biyu, wurin da ke bakin iyaka ya fi kama da naka, amma ma'aikata da masu saye na iya ƙetarawa, sai dokar ta taɓa wurin kwatancin ma.

Kada ka faɗi lamba ba tare da girman kuskurenta ba. Na wancan binciken ya kai 1.36, wato idan ka ninka shi biyu ka cire daga 2.75 ko ka ƙara a kansa, amsar gaskiya za ta iya faɗawa ko'ina daga kusan sifili zuwa sama da 5. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne ba a ga raguwa ba. Cewa dokar ta ƙirƙiri aiki ya wuce gona da iri. Duba tushen bayanan ma. Ta wayar tarho aka tambayi manajoji, kuma da wasu masanan, David Neumark da William Wascher, suka yi amfani da takardun biyan albashi sai suka ce aiki ya ragu. Card da Krueger suka koma ga bayanan gwamnati a 2000, suka tarar tasirin ƙarami ne ƙwarai. Inda takardar albashi take, fifita ta a kan abin da manaja ya tuna. Rubuta farashin kaya kuma, domin a New Jersey kuɗin abincin ya fi na Pennsylvania hawa da kimanin kashi 4 cikin 100.

Mai son gwada wannan a Najeriya yana da kafa, tunda bayan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ta Yulin 2024 jihohi ba su fara biya a wata ɗaya ba, adadin ma ya bambanta. Sai dai jihar da ta riga biya galibi ita ce mai kuɗin shiga, don haka kada a haɗa Legas da jihar da ba ta kama ƙafarta ba. A fara mayar da albashi zuwa ainihin darajarsa da alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a kuma cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, domin dokar ba ta hau kansu ba.