Kurakuran da malamai suka fi yi wajen koya wa yara tarihi da finafinan yaƙi

Yaro ɗan shekara 12 ko 14 in ka karanta masa shafi uku a kan Yaƙin Duniya na Biyu, zuwa gobe rabi ya zube, amma nuna masa minti goma na fim ka gani, bayan shekaru zai ba ka labarin har da kalar kakin sojan. Shi ya sa nake goyon bayan a riƙa sa fim a darasin tarihi, kuma shi ya sa abin yake ba ni tsoro, don in fim ɗin ya shirga ƙarya to ƙaryar ce za ta zauna daram a kan yaron.

Kuskuren da aka fi yi dai shi ne a kunna fim a koma gefe. Malam ya sa fim mai awa biyu da rabi, ya ja kujera baya yana makin, darasi uku ya tafi, yara sun ji daɗi amma ka tambaye su wa ke yaƙi da wa kuma a kan me, sai kame-kame. Gyaran ba wuya, a yanko minti biyar zuwa goma sha biyar, wurin da ya dace da darasin ranar kawai, a rubuta tambaya biyu ko uku a allo kafin a kunna, don yaro ya san me idonsa ke nema. Kuma a riƙa tsayarwa ana magana, ko da za su yi ƙorafi.

Wanda ya fi damuna shi ne malam ya ce "ku tuna fa fim ne, ba komai ne gaskiya ba" ya ɗauka shi ke nan ya sauke nauyi. Wallahi bai sauke ba. A 2009 wasu masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun gwada wannan, suka ba ɗalibai rubutun tarihi na gaskiya sannan suka nuna musu guntayen finafinai. Inda fim ya yi daidai da rubutun, ɗaliban sun fi tuna darasin sosai. Inda fim ya saɓa kuwa, da yawa abin fim ɗin suka rubuta a matsayin amsa, wasu ma suna da yaƙinin a rubutun suka karanta shi. Gargaɗi na jimla irin wancan bai hana komai ba, abin da ya yi aiki shi ne a faɗa musu takamaiman wurin da fim ya kauce. To ɗaliban jami'a ke nan fa, ina ga ɗan shekara 13.

Misali fim ɗin U-571 na shekarar 2000, ya nuna sojojin ruwan Amurka ne suka ƙwato na'urar Enigma, wadda Jamusawa ke ɓoye saƙonninsu da ita, daga wani jirgin ƙarƙashin ruwa. Alhali sojojin ruwan Birtaniya ne na jirgin HMS Bulldog suka ɗauko ta daga U-110 a watan Mayun 1941, lokacin Amurka ko shiga yaƙin ba ta yi ba, sai a Disamba na shekarar ta shiga. Kafin su ma masana lissafin ƙasar Polan sun fara warware sirrin na'urar tun 1932. Ko Braveheart na 1995 da ya nuna yaƙin gadar Stirling na 1297, tsakanin mutanen Scotland da Ingila, a fili fetal babu gada, bayan kuwa ƙuncin gadar ne ya sa aka ci sojojin Ingila, suna tsallakowa kaɗan-kaɗan aka afka musu. In za ka nuna irin waɗannan, faɗa wa yaran tun kafin a kunna, "za ku ga kaza, ba haka aka yi ba, ga yadda aka yi", bayan an gama kuma ka sake maimaitawa. Har ma kana iya mai da shi aikin aji, su nemo kuskuren da kansu su faɗi dalilin da suke ganin ya sa darakta ya canza, yara na son kama babba da kuskure, za ka ga yadda za su duƙufa.

Sai kuma malamin da bai kalli fim ɗin ba kafin ya kawo aji, ko ya kalla shekara goma da suka wuce yana ganin ya tuna. Abin da babba ya kalla ya wuce ba lallai yaro ya iya ɗauka ba. Farkon Saving Private Ryan, saukar sojojin Amurka a gaɓar tekun Omaha da ke Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, sama da minti ashirin ne na jini da gawarwaki da yankakkun gaɓoɓi, a Amurka ma an sa masa alamar da ke cewa ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba. Kuma ba ka san me kowane yaro ya gani a rayuwarsa ba, akwai wanda ya taɓa gudun hijira, akwai wanda mahaifinsa soja ne ya tafi bai dawo ba, irin wannan yaron ba zai ɗaga hannu ya faɗa maka ba, shiru kawai zai yi. Don haka a kalla tun daga farko har ƙarshe da idon ɗan shekara 12, a sanar da iyaye da shugaban makaranta, a faɗa wa yara abin da ke tafe, wanda ba zai iya ba a ba shi wani aikin ba tare da an bari 'yan aji sun yi masa dariya ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, yaran da za su ɗauki abin kamar fim ɗin faɗa, ga akta ga bos, ana harbe mutum suna tafi da ihu. Kar a yi musu tsawa a wuce, a tsayar da fim ɗin a tambaye su wannan da ya faɗi shekararsa nawa, wa ya bari a gida, shi ya zaɓi zuwa ko dole aka yi masa.

Wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne kallon yaƙi ta taga ɗaya. Yaron da finafinan Hollywood kaɗai ya gani zai tashi da cewa Amurka da Ingila ne suka gama da Hitila su kaɗai, bai san Tarayyar Soviet ta rasa mutum kusan miliyan 27 ba, bai ji labarin gumurzun da Soviet ta yi da Jamus a birnin Stalingrad ba, bai san sojojin Indiya sama da miliyan biyu sun shiga yaƙin ba, balle runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi da Japanawa a dazukan Bama. A koya musu tambaya uku a kan kowane fim, wa ya yi shi, yaushe, da kuɗin wa. Har fim ɗin da muke ƙauna bai tsira daga wannan ba. Lion of the Desert, na Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar Libiya da 'yan mulkin mallaka wanda Italiyawa suka rataye a 1931, gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗinsa, Italiya kuma ta shafe shekaru ba ta bari an haska shi a ƙasarta ba. Wannan bai rage wa Umar Mukhtar komai ba, amma yaro ya kamata ya san kowane ɓangare yana da abin da yake so a gani da wanda yake so a ɓoye.

Sannan fim daga ƙarar bindiga yake farawa, ba ruwansa da musabbabi. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 da aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, karyewar tattalin arziki ta 1929, hawan Hitila mulki a 1933, duk wannan aikin malam ne, da taswira da jerin shekaru a allo kafin ranar kallo.

Kuma don Allah kar fim ya ƙare daidai da bugun ƙararrawa yara su fita da abin a ciki. A bar aƙalla minti goma sha biyar na magana. In za a ba da aikin gida kar ya zama "ba da labarin fim ɗin", wannan kowa zai kwafo a intanet. A haɗa musu da abu ɗaya na ainihin lokacin, wasiƙar soja ko hoto ko shafin jarida, su rubuta inda fim ɗin ya yi daidai da shi, inda ya saɓa, da kuma mutanen da suke cikin takardar amma ba a nuna su a fim ba.