Kurakuran da masu gida ke yi a liyafar ninkaya a Amurka

A jihohin Amurka masu zafi irin su Florida, Texas da Arizona, gidaje da yawa suna da wurin ninkaya a bayan gida, kuma da zarar zafi ya shigo sai a riƙa gayyatar dangi da maƙwabta tare da 'ya'yansu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa nutsewa a ruwa ce ta fi kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar. Kuma idan abin ya auku a gidan mutum, ana iya maka shi a kotu.

Kuskuren da ya fi muni shi ne a ɗauka cewa tunda manya sun cika wuri, dole akwai mai lura. Uwa tana zaton maigidanta na kallon yaron, alhali shi yana can wajen gashin nama. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu. Yakan tsaya a miƙe cikin ruwa, kansa ya karkata baya, bakinsa yana nutsewa yana ɓullowa, kafin a ankara ya sulale. Maganin wannan shi ne a ware babba ɗaya, a rataya masa alama a wuya, ya ajiye waya da hira, a riƙa canza shi bayan kowane minti 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙara da cewa kada ƙaramin yaro ya wuce inda hannun babba zai kai. Robar da ake hurawa a saka wa yaro a damtse abin wasa ce kawai, rigar ceto da hukuma ta amince da ita ce abin dogaro.

Wasu kuma suna sakin jiki da an tashi daga liyafa, a bar ƙofa a buɗe da ƙwallo yana yawo a kan ruwa, wanda shi ne zai ja yaro ya koma. A dokar yawancin jihohi, wurin ninkaya abu ne mai jan hankalin yara, don haka ko ɗan maƙwabci ne ya shigo ba da izini ba, ana iya ɗora wa mai gida alhaki. Ana so a kewaye wurin ta ɓangare huɗu da shinge mai tsayin aƙalla ƙafa 4, mai ƙofar da ke rufe kanta ta kuma kulle. Tun 2018 California ta wajabta matakan kariya biyu ga sabon wurin ninkaya.

Akwai sakaci da inshora ma. Inshorar gida kan fara ne daga dala 100,000 na diyyar wanda ya ji rauni, kuɗin da ba zai kai ko'ina ba idan ƙwaƙwalwar yaro ta taɓu. Ya kamata mai gida ya sanar da kamfanin cewa yana da wurin ninkaya, ya sayi ƙarin kariya, sannan ya koyi yadda ake danna ƙirji don farfaɗo da numfashi kafin motar asibiti ta iso.